Ƙudirin da ya jawo mini bashin buhun masara

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina fassara labarai a wani ƙaramin gidan rediyo a Zariya. Labari ya zo da Turanci, mu juya shi zuwa Hausa kafin ƙarfe shida na yamma, mai karantawa ya shiga ya karanta, gobe a sake. Na yi kurakurai da dama a wannan aiki, wasu ma ba wanda ya lura da su sai ni. Amma akwai guda da har yau in na tuna sai na ji kunya, domin a gidanmu ya fashe.

Wata Laraba ce. Saura kamar minti ashirin a shiga labarai sai ga takarda daga Abuja, cewa wani ɗan Majalisar Wakilai ya miƙe a zaure ya koka kan halin da 'yan fansho suke ciki, abokan aikinsa sun mara masa baya, majalisa ta yi kira ga gwamnati ta gaggauta biyan su bashin da suke bi. Cikin sauri na rubuta: "Majalisar Wakilai ta zartar da ƙudirin biyan 'yan fansho haƙƙoƙinsu." Abokin aikina mai karantawa, da yake mutum ne mai son jimla ta cika baki, ya ƙara nasa gishirin, ya ce "ƙudirin dokar".

Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, kuma rediyonsa ba ya barin gefen tabarmarsa. Washegari da hantsi ya ɗauki sandarsa ya nufi wurin mai hatsin da suka saba, ya karɓi buhun masara bashi, ya ce an yi doka, kuɗinsu na tafe, ɗan ƙanwarsa ne ma ya rubuta labarin. Wata ɗaya shiru, biyu shiru. A na uku ya aiko yaro ya kira ni.

"Kai, zauna nan. Dokar nan taku, ina ta maƙale?"

Na ce, "Wace doka, Kawu?"

"Wadda kuka ce an zartar. Ko kai ma ka koyi halin 'yan siyasa ne?"

Sai da na koma ofis na tono takardar Turancin na gane ɓarnar da na yi. Babu wata doka. Ba a ma kama hanyar yin ta ba.

Matsalar ita ce mu masu Hausar rediyo da jarida mun ɗora wa kalmar ƙudiri kaya uku, alhali a majalisa kowanne da sunansa da matsayinsa. Akwai daftarin da ake so ya zama doka, wanda in ka ji 'yan majalisa suna hira da Hausa za ka ji sun ce "bil". Akwai buƙatar da ɗan majalisa yake miƙewa ya gabatar don a ja hankalin gwamnati kan wani abu, gada ta karye a mazaɓarsa, 'yan bindiga sun tashi ƙauye, ambaliya ta cinye gonaki. Wannan ita suke kira "moshan". Sai kuma abin da majalisa ta tsayar bayan ta tattauna buƙatar. Duka ukun mu ƙudiri muke cewa. Tun daga ranar nan na yi wa kaina ƙa'ida: na farko in ce ƙudirin doka, na biyu in ce buƙata, na uku in ce matsaya. Abin da Kawu ya ji matsaya ce, kuma matsaya irin wannan shawara ce kawai. Minista yana iya karanta ta ya jefa a aljihun tebur, ba kotun da za ta kama shi. Da yawan labaran da kuke ji na "majalisa ta umarci" wane ko "majalisa ta ba da wa'adin mako biyu" daga wannan gida suke.

Ba kowace matsaya ce fanko ba, kada in yi wani kuskuren garin gyara na farko. Akwai wuraren da kundin tsarin mulki da kansa ya ce sai da amincewar majalisa, kamar tabbatar da ministoci a Majalisar Dattawa ko amincewa da dokar ta-ɓaci. Kuma a ranar 9 ga Fabrairun 2010, lokacin da marigayi Umaru Musa 'Yar'adua yake jinya a Saudiyya, da matsaya aka mayar da Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaban ƙasa, ba da sabuwar doka ba. Lauyoyi sun daɗe suna gardama kan halaccin hakan, amma ta yi aiki.

To, shi ƙudirin doka fa, wace hanya yake bi?

Majalisar Dokoki ta Ƙasa zaure biyu ce. Majalisar Dattawa tana da sanatoci 109, uku daga kowace jiha cikin 36, ɗaya daga Abuja. Majalisar Wakilai tana da mutum 360, an raba kujerun bisa yawan jama'a, shi ya sa Kano da Legas kowacce take da 24. Ƙudirin doka yana iya fitowa daga fadar shugaban ƙasa, yana iya fitowa daga ɗan majalisa, kuma yana iya farawa a kowane zaure. Na fadar shugaban ƙasa yakan zo da wasiƙa wadda shugaban zaure zai karanta a bainar jama'a, kuma gaskiya shi ya fi samun gata.

Matakin farko shi ake kira karatu na ɗaya. Kalmar karatu tana yaudarar Bahaushe, domin mu in an ce an yi karatu, muna hango malami da almajirai an buɗe littafi ana bi baƙi-baƙi. A majalisa karatu na ɗaya bai wuce magatakarda ya miƙe ya faɗi sunan ƙudirin ya zauna ba. Ba muhawara, ba ƙuri'ar kirki, ba a ko buɗe shafi na biyu. A zama guda ana iya yi wa ƙudirori ashirin ko talatin haka. Sunan gado ne daga majalisar Ingila, tun zamanin da babu injin buga takardu, lokacin da dole sai an karanta wa mutane daftarin da baki kafin su san abin da ke ciki. Injin ya zo, karatun ya tafi, suna ya zauna.

Ina ba da misali da Nuwamban 2019. Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo ƙudirin kalaman ƙiyayya, wanda a daftarinsa har da hukuncin rataya ga wanda kalamansa suka jawo asarar rai. A makon nan wayata ba ta huta ba. Saƙonnin WhatsApp suna ta yawo cewa daga yau duk wanda ya zagi gwamnati za a rataye shi, har wata gwaggona ta kira ni tana roƙon in daina rubutu a Facebook. Alhali karatu na ɗaya kawai aka yi masa. Ɗan'uwansa, ƙudirin taƙaita kafofin sada zumunta na Sanata Mohammed Sani Musa, ya ɗan fi shi nisa, ya tsallake karatu na biyu, aka yi zaman jin ra'ayin jama'a a kansa a Maris ɗin 2020, masu magana suka yi masa ca. Ko ɗaya a cikinsu bai zama doka ba.

Karatu na biyu ne wurin magana. Mai ƙudirin zai miƙe ya yi bayanin dalilinsa, masu goyon baya su yi, masu suka su yi. Ana tattauna manufar ne gaba ɗaya, ba a shiga gyaran kalmomi. In ya samu karɓuwa sai mu rubuta "ya tsallake karatu na biyu", a miƙa shi ga kwamiti, a ce ya dawo da rahoto cikin mako huɗu ko makamancin haka. Kanun labaran da suka fi tayar da hankalin mutane daga nan suke fitowa: ƙudirin ƙirƙiro sabuwar jiha ya tsallake karatu na biyu, ƙudirin kafa jami'a a garin kaza ya tsallake karatu na biyu. Sai ka ga an buga fosta ana taya ɗan majalisa murna, matasa suna ta yabo. Ni dai in na ga irin wannan fosta nakan ce a raina, Allah ya raya. Yaron ko yaye ba a yi masa ba.

Domin kwamiti shi ne inda mafi yawan ƙudirori suke kwana, ba sa tashi. Ba a kashe su a fili, bari ake yi ƙura ta rufe su. Majalisa kuma wa'adinta shekara huɗu ne daga ranar zamanta na farko. Ta goma da ke ci an rantsar da ita ranar 13 ga Yunin 2023. Duk ƙudirin da bai kammala tafiyarsa ba kafin wa'adi ya cika, ya bi ruwa, sai dai sabuwar majalisa ta sake ɗauko shi. Wanda kwamiti ya ɗauka da gaske, sai a kira zaman jin ra'ayin jama'a, a buga sanarwa a jaridu, ƙungiyoyi da hukumomi da masana su kawo takardunsu. Wannan ce babbar ƙofar da aka bar wa wanda ba ɗan majalisa ba ya sa baki a hukumance. Abin da ke damuna shi ne kusan kullum a Abuja ake yi, da Turanci, da sanarwar kwanaki kaɗan. Manomin Giwa ko mai sayar da hatsi a Dawanau ba ya cikin jama'ar da ake jin ra'ayinsu, sai in wata ƙungiya ta ari bakinsa ta ci masa albasa.

Sau ɗaya na taɓa shiga zauren da ƙafata. An tura mu wani horo Abuja, aka kai mu mu kalli zaman Majalisar Wakilai daga benen 'yan kallo. Kujerunsu kore ne, na dattawa ja, shi ya sa za ka ji 'yan jarida suna cewa koren zaure da jan zaure. Abin da ya fara ɗaukar idona shigowar Kakaki. Kowa ya miƙe tsaye. A gabansa wani jami'i cikin kayan sarki yana tafe a hankali, ya saɓa sandar majalisa a kafaɗa, har ya kai ta kan teburin da ke tsakiya ya kwantar da ita a mazauninta. Sai da ta kwanta aka yi addu'a aka buɗe zama. Wanda ya taɓa ganin fitowar sarki ba zai rasa gane abin da ake nufi ba. In babu sandar nan a wurinta, taron ba zaman majalisa ba ne, hira ce. Shi ya sa in rikici ya ɓarke kowa ita yake wawura. Ranar 18 ga Afrilun 2018 wasu mutane suka kutsa zauren dattawa ana tsakiyar zama suka sure ta suka fice, washegari 'yan sanda suka ce sun tsince ta a ƙarƙashin wata gada a Abuja.

Wajen azahar sai na ga abin da ban gane ba sai da na tambaya. Jami'in nan ya zo ya ɗaga sandar ya mayar da ita wani mazauni na ƙasa. Mataimakin Kakaki ya zauna a wata kujera da ke ƙasa da ta Kakaki, aka daina ce masa mataimakin kakaki, aka koma ce masa shugaban kwamiti. Mutanen dai su ne, zauren shi ne, amma wai yanzu majalisar ta rikiɗe ta zama kwamitin kowa da kowa, don ta bi rahoton da ƙaramin kwamiti ya kawo sashe bayan sashe. Ya kira lamba, a amsa, ya buga guduma. Ya kira ta gaba, a amsa, ya buga. Wani lokaci ya haɗa sashe goma a numfashi ɗaya. Can sai wani ya ɗaga hannu ya ce a sashe kaza a cire kalma kaza a sa kaza, wani ya mara masa baya, a tambayi zaure, a buga guduma, a wuce. Na zauna ina kallo ina tunanin cewa kalmar da aka canja yanzu cikin daƙiƙa talatin, wata rana alƙali zai ɗaure mutum ko ya sake shi a kanta. A nan ake rubuta doka da gaske, kuma a nan ne 'yan jarida suka fi fita shan iska, domin ba a ihu.

Da aka gama, aka mayar da sanda sama, shugaban kwamiti ya koma kujerarsa ta asali, ya ba majalisa labarin abin da kwamiti ya yi, wato ya ba su labarin abin da su da kansu suka yi minti biyar da suka wuce. Na yi dariya a hankali. Bayan wannan sai karatu na uku, wanda shi ma gajere ne, daga shi zaure ya zartar.

Tun da na ambaci Kakaki, bari in ɗan ratse. Ina son wannan fassarar. Wanda ya fara kiran shugaban Majalisar Wakilai da sunan dogon ƙahon da ake busa wa sarki ya iya Hausa. Kujerar kuma ta daɗe tana zagayowa Arewa tun 1999: Salisu Buhari, Ghali Umar Na'Abba, Aminu Bello Masari, Aminu Waziri Tambuwal, Yakubu Dogara, ga Tajudeen Abbas na nan Zariya yanzu. Wadda ban so ba ita ce "bulaliyar majalisa". Mutum da girmansa da rawaninsa a ce masa bulaliya. Ni "mai tsawatarwa" nake rubutawa, ko da yake edita yakan mayar mini da bulaliyar, wai ita mutane suka sani. Shugaban masu rinjaye da shugaban marasa rinjaye ba su da matsala, sun zauna daram.

Yadda ake yanke hukunci a zaure shi ne abin da na fi jin haushinsa a duk tsarin. Ƙuri'ar murya ake yi. Shugaba ya ce masu goyon baya su amsa, su amsa. Ya ce waɗanda ba su yarda ba su amsa, su amsa. Shi kuma ya auna da kunnensa ya buga guduma. Duk mai kallon talabijin ya sha ganin ranar da "a'a" ta fi ƙarfi amma guduma ta faɗa wa "e". Kuma ba a rubuta sunan kowa, don haka ɗan majalisarku zai iya dawowa gida ya rantse cewa shi bai goyi baya ba, ba ku da hujja. Akwai magani a cikin dokokin zaure: ɗan majalisa yana iya ƙalubalantar hukuncin ya nemi a rarrabe, a kira suna ɗaya bayan ɗaya kowa ya faɗi matsayinsa. An yi haka a Majalisar Dattawa a Yulin 2021 kan batun aika sakamakon zaɓe ta na'ura, aka tashi 52 da 28, kuma washegari jaridu suka buga sunayen. Na tuna yadda mutane suka riƙa neman sunan sanatansu a jerin kamar masu duba sakamakon jarrabawa. Amma ba kasafai ake yi ba. Ko a Maris ɗin 2025, da aka amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas, abin da tsarin mulki ya ce sai da kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowane zaure, da murya aka yi. Yadda kunne yake ƙirga kashi biyu bisa uku, wannan sai masu guduma.

Ga mai son lissafi: kafin zama ya halatta sai an samu kashi ɗaya bisa uku, wato sanatoci 37 ko wakilai 120. Kashi biyu bisa uku kuwa 73 ne da 240. Kuma tsarin mulki ya wajabta wa kowane zaure ya zauna aƙalla kwana 181 a shekara.

Zaure ɗaya ya zartar, saura ɗayan. Dole ƙudirin ya tsallaka can, su ma su amince, kuma dole abin da zaurukan biyu suka zartar ya zama iri ɗaya har waƙafi. In an samu saɓani sai a kafa kwamitin daidaitawa, kowane ɓangare ya turo mutanensa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne dokar man fetur ta 2021. Wakilai suka ce a ware wa al'ummomin da ake haƙo mai a yankunansu kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da kamfanoni ke kashewa wajen gudanar da aiki, dattawa suka ce kashi 3. Kwamitin daidaitawa ya ɗauki na dattawa, 'yan Neja Dalta suka fusata, amma haka ta tafi. Saboda haka in ka ji "Majalisar Dattawa ta zartar", tambaya ta gaba ita ce, wakilai fa?

Daga nan magatakardan Majalisar Ƙasa zai tsabtace kwafi ya aika fadar shugaban ƙasa. Sashe na 58 na kundin 1999 ya ba shugaban kwana 30, ko ya rattaba hannu ko ya sanar cewa ya ƙi. Galibi sai alƙalaminsa ya sauka ƙudiri yake zama doka. Matasan da suka yi ta jiran ƙudirin kafa rundunar zaman lafiya ta Peace Corps sun san zafin wannan mataki. Zaurukan biyu sun zartar, yara sun ɗinka kaki suna fareti a filayen makarantu, a farkon 2018 Buhari ya ce ba zai sa hannu ba, ya kawo dalilin kuɗi da kuma cewa aikin zai yi karo da na hukumomin tsaron da ake da su. Akwai wani ɗan unguwarmu da har yau takalmin faretinsa yana rataye a shagonsa na cajin waya. Dokar zaɓe ma haka ta faru da ita a Disamban 2021, ya mayar da ita saboda an tilasta wa jam'iyyu zaɓen fid da gwani na 'yar tinƙe, majalisa ta gyara wurin, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022.

Ƙin sa hannun shi muke fassarawa da hawa kujerar naƙi, kalmar da muka aro daga labaran Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai dai kujerar shugaban Najeriya ba ta kai ta Amurka ko Rasha a can ƙarfi ba, domin majalisa tana iya ture ta. In kowane zaure ya sake zartar da ƙudirin da kashi biyu bisa uku, ya zama doka ko shugaba ya so ko bai so ba. An yi wa Obasanjo haka a shekarar 2000 kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Dalta. Tun daga nan an fi jin barazanar a baki.

Nawa ne tsawon tafiyar duka? Ya danganta da wanda yake tura motar. Ƙudirin man fetur ɗin nan tun 2008 aka fara kai shi majalisa, zamanin 'Yar'adua, ya mutu ya tashi, ya mutu ya tashi, sai 16 ga Agustan 2021 aka sa masa hannu. Shekara goma sha uku. Ƙudirin komawa tsohon taken ƙasa kuwa, Majalisar Wakilai ta yi masa karatu na ɗaya da na biyu da na uku a rana guda cikin Mayun 2024, dattawa suka bi baya cikin 'yan kwanaki, Tinubu ya sa hannu ranar 29 ga watan. Ba mu gama fassara labarin karatu na ɗaya ba aka ce yara su fara haddace sabon baiti. Kanawa ma sun ga irin wannan gudu a majalisar jiharsu kan dokar masarautu, a 2019 da kuma 2024.

Gyaran kundin tsarin mulki shi ne mai doguwar hanya. Bayan kashi biyu bisa uku a kowane zaure, sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Don haka duk sanda ka ji ana maganar sabuwar jiha ko 'yan sandan jihohi, ka sa wannan a lissafi; ƙirƙiro jiha ma sharuɗɗansa sun fi haka tsauri, har da ƙuri'ar raba gardama, kuma duk jihohin da aka ƙirƙiro daga 1967 zuwa 1996 sojoji ne suka yi su da dokar soja. Ta ƙofar gyaran kundin ce tazarcen Obasanjo ya kasa wucewa, ranar 16 ga Mayun 2006 dattawa suka yi watsi da ƙudirin tun a karatu na biyu. Ta nan kuma aka rage shekarun tsayawa takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25 a 2018, aka kuma ba jihohi damar shiga harkar wutar lantarki da jiragen ƙasa a 2023.

Kasafin kuɗi shi ma ƙudirin doka ne, mutane da yawa ba su san haka ba. Shugaban ƙasa ya kawo shi gaban zaman haɗin gwiwa, ma'aikatu su zo kare kasafinsu a gaban kwamitoci, a zartar, a sa hannu. Daga nan muka samu kalmar cushe, wadda ta shiga bakin kowa a 2016 lokacin rikicin Abdulmumin Jibrin da shugabannin Majalisar Wakilai. Duk wanda ya ƙirƙiro ta ya huta, ba ta buƙatar bayani. A Maris ɗin 2024 kuma Sanata Abdul Ningi ya yi hira da sashen Hausa na BBC, ya yi magana kan wasu kuɗi kimanin naira tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar da ya ce ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Majalisar Dattawa ta kwashe zama guda tana muhawara kan abin da ya faɗa da abin da aka ce ya faɗa, aka dakatar da shi wata uku. Ranar nan na kalli zaman tun daga farko har ƙarshe da wani irin tsoro na ɗan sana'a, ganin manyan mutane suna ta da jijiyar wuya a kan fassarar Hausa.

Abin da ya sa ya tsaya mini shi ne sashe na 55 na kundin nan namu. Ya ce za a gudanar da harkokin Majalisar Ƙasa da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Tun kundin 1979 maganar take a rubuce, har yau ana jiran tanadi. A zamanin Jihar Arewa kuwa, a zauren Lugard Hall da ke Kaduna, da Hausa da Turanci ake muhawara. Wato akwai lokacin da waɗannan abubuwa suke da sunayensu a bakin masu yin su da Hausa. Yanzu an bar mu mu 'yan fassara, da minti ashirin kafin labarai, kowace tasha da tata kalmar. Wani ya ce ƙudiri, wani ƙuduri, wani daftari, wani ya ce doka kai tsaye ya huta.

Na koma wurin Kawu da yamma na yi masa wannan bayani, ba duka ba, iya abin da ya shafe shi. Ya saurara yana jan carbi. Da na gama ya ce, "To, na ji. Wato roƙo suka yi."

Na ce, "Kusan haka ne, Kawu."

"Roƙo kuma ni ma na iya shi, ba sai na zaɓi wani ya je Abuja ya yi mini ba." Ya ɗan yi shiru. "Masarar fa? Mun ci rabi."

Ni na biya kuɗin buhun, kashi biyu, ƙarshen wata da ƙarshen wata. Mai hatsin ya karɓa yana dariya, ya ce ai tun ranar ya san za a rina, don dai Kawu babba ne ba ya iya hana shi. Kuɗin fanshon sun fito daga baya, wani ɓangare, bayan fiye da shekara, kuma ba na jin matsayar nan ce ta fito da su. Kawu bai mayar mini da ko sisi ba, ni ma ban tambaya ba. Har yanzu yana sauraron labaranmu na ƙarfe shida. In aka ambaci majalisa, wani lokaci kafin a kai ga labarin wasanni sai in ga kiransa ya shigo, in fita baranda in ɗauka.

"Wannan da kuka faɗa yanzu, karatu na nawa ne?"

Makon jiya na ce masa na biyu. Ya ce to, bari ya ci gaba da jan bashin sukari a wurin mai shago da sunansa, ba da sunan majalisa ba, ya kashe wayar.